Hawainiya Ɗaya a Titi Uku

Hammajoda ya san itatuwansa ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da shida ke nan yana aiki a lambun reno na Ma'aikatar Dashen Itatuwa da Ƙawata Birni, can bayan garin Bauchi, inda ake shuka iri a cikin baƙar leda a yi ta ban ruwa har ya isa dashe. A wannan shekarar ya reni guda ɗari huɗu da goma sha biyu: madaci, da dogon yaro, da tsamiya, da mangwaro kaɗan. Yakan ce dogon yaro ba shi da kunya, ko a kan dutse ka ajiye shi zai yi, amma madaci mai zuciya ne, in ka taɓa masa saiwa sau ɗaya sai ya yi wata yana fushi.

A kan wani madaci da ya fi 'yan'uwansa tsawo akwai wata hawainiya mai guntun wutsiya. Ba wanda ya san abin da ya cire mata rabin wutsiyar. Tun farkon damina ta zo ta zauna, ta ƙi tafiya. Hammajoda yana kiranta Tsohuwa. In ya gaji da ban ruwa sai ya tsuguna kusa da ita yana kallon yadda idonta ɗaya ke duban gabas ɗaya na duban yamma, yana tunanin ko wace irin duniya take gani, da ta zama biyu a lokaci guda.

A rediyo ya fara jin maganar. Kwamishinan ma'aikatarsu, Alhaji Abdulbaqi, ya tsaya a gaban majalisa ya ce an dasa itatuwa dubu da ɗari biyu a manyan tituna uku tun watan Yuni, kuma duk sun kama. Hammajoda ya kashe rediyon ya waiwaya. Ga itatuwan nan gaba ɗaya a jere cikin leda, ba wanda ya je ko'ina. Ya sake ƙirga su, ko da wasu sun haihu bai sani ba. Ɗari huɗu da goma sha biyu ne.

Bayan mako biyu Darakta Paul ya zo lambun da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Mutum ne gajere mai yawan duba agogo. Ya ce kwamitin majalisa mai kula da muhalli ya ce ba zai karɓi magana daga baki ba, zai zo ya gani da ido. An riga an sa leburori sun haƙa ramuka a tituna uku. Abin da ake so shi ne a kwashi itatuwan a kai titin Gwallameji da sassafe, a saka kowanne a rami da ledarsa, a ja ƙasa a rufe bakin ledar. In 'yan majalisa sun gani, Kwamishina zai kai su cin abinci a wani gida a GRA. Kafin su wanke hannu, an zare itatuwan an loda a mota an kai titin bayan Kasuwar Muda Lawal. Washegari kuma titi na uku.

Hammajoda ya ce itace ba kujerar haya ba ce da za a riƙa kaiwa gidan biki.

"Baba, kai dai ka sa su a rami," in ji Paul. "Kwana biyu ne kawai. Saura wata nawa ka yi ritaya?"

Saura wata goma sha ɗaya. Hammajoda bai faɗa ba, don ya san Paul ya sani.

Aka yi yadda aka ce. A Gwallameji motoci takwas suka tsaya, 'yan majalisa suka fito da manyan riguna suna taka ƙasa a hankali kada takalmi ya ɓaci. Shugabar kwamitin mace ce, Honarabul Felicia, daga kudancin jihar, doguwa mai tabarau, da ƙaramin littafi a hannu. Sauran suna tsaye ana ɗaukar su hoto, ita kuwa ta bi layin itatuwan da ƙafa har ta iso wajen dogon madacin nan. Ta tsaya. Tsohuwa tana kan reshe, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta manta ba ta ajiye ba. Felicia ta daɗe tana kallonta, ta yi murmushi, ta wuce.

Abincin ranar ya ci awa uku. Sabitu, direban babbar motar ma'aikata, ya ce an dafa rago guda, kuma an umarci masu kicin su riƙa fito da abinci kaɗan-kaɗan, in an gama wannan a ɗan jira kafin a kawo wancan. Sawu huɗu ya yi tsakanin Gwallameji da Muda Lawal. A sawu na uku wata leda ta fashe, a na huɗu aka taka mangwaro biyu.

Da la'asar kwamitin ya iso bayan kasuwa. Hammajoda yana tsaye da garwar ban ruwa, sai a lokacin ya tuna da Tsohuwa. Ya duba. Tana nan, ta maƙale a reshenta, ta yi duhu saboda jijjigar mota. Felicia ta sake bin layi, ta sake tsayawa a gaban madacin. Wannan karon ba ta yi murmushi ba. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta dubi guntun wutsiyar, sannan ta ɗago ta dubi Hammajoda. Ya sunkuyar da kai yana zuba wa wata tsamiya ruwan da ba ta buƙata.

Washegari, a titi na uku, ya yi niyyar ɗauke hawainiyar ya ɓoye ta a aljihu. Ya miƙa hannu, ta buɗe baki ta hura masa iska, sai ya ji kunyarta ya janye. Felicia ta zo ta gan ta a karo na uku. Ta rubuta wani abu a littafinta. Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta yi wa Kwamishina godiya, ta shiga mota.

Shirun nan shi ya hana Hammajoda sukuni. Da ta yi ihu a wurin, da ya san inda aka dosa. Amma mutum ya ga abu sau uku ya haɗiye, to ajiye shi yake yi don wata rana, kuma bai san wa za a yanka da shi ba. Sabitu ya ce kada ya wahalar da kansa, su duka kwano ɗaya suke ci. Za ta nuna wa Kwamishina littafin ne a bayan ƙofa, a ba ta abin da take so, a rufe magana. In kuma aka rasa wanda za a ɗora wa laifi, ai ga mai lambu nan.

An mayar da itatuwan lambu. Paul ya ce kada a dasa ko ɗaya sai rahoton kwamiti ya fito, don ba a san ko za su ce za su dawo ba. Amma itatuwan sun sha wuya. Saiwoyin da suka huda leda suka fara neman ƙasa duk sun tsinke. Ganyen madaci ya fara lanƙwashewa, mangwaro goma sha ɗaya suka bushe a mako guda. Satumba ta raba tsakiya, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa ba tare da ya zubar da komai ba. Hammajoda ya lissafa a ransa: saura ruwa uku, ko huɗu in an yi sa'a. Duk itacen da bai shiga ƙasa ya sha ruwan sama ba kafin nan, ba zai ga wata damina ba.

Ranar wata Asabar da hantsi keke napep ya tsaya a ƙofar lambun, Felicia ta fito, ba direba, ba ɗan sanda, da atamfa da takalmin roba kamar mai zuwa cefane. Ta gaishe shi, ta ce gwaiba take nema ta dasa a gida. Ya ce ba su da gwaiba. Ta ce to ba komai, bari ta ga abin da suke da shi. Ta bi layi kamar yadda ta saba, ta tsaya a inda ya san za ta tsaya.

"Baba, wannan baƙuwar taka akwai yawo," ta ce. "Ni da mota ma na gaji a kwana biyun nan."

Ya ce hawainiya suna kama da juna, ranki ya daɗe.

"Har da wutsiyar?"

Hammajoda ya dube ta. A ransa yana auna ta. Wata zuciyar ta ce Kwamishina ne ya turo ta ta gwada bakinsa. Wata ta ce akwai na'ura a cikin jakarta tana ɗaukar murya. Ya dubi jakar, ƙarama ce, amma ya ji an ce yanzu har a cikin biro ana sa irin wannan abu.

Ta ce ba ta zo ta sa shi magana ba. Ta ce ba za ta iya tsayawa a majalisa ta ce ta ga hawainiya ba, dariya za a yi mata, jaridu su zana ta da wutsiya. Kwamishina yana da hotuna, yana da takardu masu hatimi, kuma rabin 'yan kwamitinta sun riga sun ce aiki ya yi kyau. Abin da doka ta ba ta shi ne ta kira shi, ta tambaye shi, ta je ta duba. Ta riga ta rubuta cewa kwamiti zai sake zagayawa ranar Talata, saboda mutum biyu ba su samu zuwa na farko ba, kuma Kwamishina ne zai jagoranta da kansa.

Hammajoda bai san lokacin da ya ce mata in aka sake ɗaga itatuwan nan sau uku, rabinsu sun tafi ba. Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa sai ya kama garwa ya yi gaba. Ta biyo shi taku biyu ta ce ta ji, kuma ba ta ji daga gare shi ba. Ta tafi ba tare da ta yi masa alkawarin komai ba, wannan ma ya ƙara masa zargi.

Ya kwana biyu yana juya abin. Bai yarda da Paul ba, bai yarda da Kwamishina ba, bai yarda da Felicia ba. Ko Sabitu ma ya fara lura yana yawan tambayarsa me matar nan ta ce. Da ya duba duka, abin da ya rage wanda ya yarda da shi shi ne ƙasa. Ranar Litinin ya biya ta Muda Lawal ya sayi reza kwali guda.

Talata bayan sallar asuba aka sauke itatuwan a Gwallameji. Paul ya tsaya ya ga an fara, ya duba agogo, ya tafi shirya maganar abinci. Hammajoda ya tara leburorin nan shida, ya ba kowa reza, ya ce yau dashe za a yi na gaskiya: a tsaga leda daga sama har ƙasa, a zare ta a hankali kada ƙasar saiwa ta watse, a saka, a cika rami, a taka da dunduniya, a ba da ruwa sosai. Babban cikinsu, Ja'afaru, ya tambaya ko umarnin Darakta ne. Hammajoda ya ce umarnin mai lambu ne, kuma in an tambaya su ce haka. Suka dubi juna. Duk manoma ne kafin su zama leburori, hannunsu ya fi son wannan aikin. Kafin ƙarfe goma sun gama, ledojin suna cikin buhu biyar a bayan wata katanga. Madacin Tsohuwa shi ya dasa shi da kansa, tana kai tana kallonsa da ido ɗaya.

Kwamiti ya zo, ya gani, aka yi hoto. Kwamishina ya yi jawabi a kan inuwar da jikoki za su sha. Motoci suka nufi GRA.

Ƙurarsu ba ta kwanta ba Paul ya iso da Sabitu, ya ce a yi sauri. Ba wanda ya motsa. Ya kama wani dogon yaro da kansa ya ja. Ya saba jin leda ta zamo kamar ƙafa daga takalmi. Wannan karon itacen ya tirje, sannan ya fito da saiwa tsirara, laka ta fantsamar masa a wando. Ya ja na biyu, haka. Ya tsaya riƙe da shi yana kallon Hammajoda.

"Me ka yi?"

"Na dasa su, ranka ya daɗe. Ai an ce an dasa."

Paul ya ce a kawo shebur a haƙe su duka, ko tsirara ne a kai. Ja'afaru ya ce shebur biyu ne, kuma ƙasa ta jiƙe, sai dai a kai magariba. Masu shaguna da masu keke sun fara taruwa suna tambayar me ya sa ake tuge abin da aka dasa da safe. Wata mata mai sayar da awara ta ce wanda ke gaban rumfarta dai ba mai taɓa shi. Paul ya koma gefe yana ta buga waya, yana cewa a ja abincin, a ƙara kawo wani abu, ko kankana ce.

Daga baya Sabitu ya ji daga bakin masu kicin yadda aka yi. Felicia ruwa kawai ta sha. Minti ashirin da zama ta miƙe ta ce tana da ciwon ciki, abinci mai nauyi ba ya karɓarta da rana, a je a gama aiki tukuna a dawo a ci da kwanciyar hankali. Kwamishina ya ce ai ga farfesu nan tafe. Ta ce farfesu ba ya gudu. Ta fita ta shiga mota, dole sauran suka bi ta, wasu da tsoka a hannu.

A bayan Kasuwar Muda Lawal suka tarar da ramuka ɗari huɗu a jere, baki buɗe, wasu har an fara zuba shara a ciki, wata akuya tana kwance a ɗaya. Felicia ta ce a wuce titi na uku. Can ma haka.

Ranar Alhamis aka kira Hammajoda majalisa. Ya sa rigarsa ta Juma'a. Ɗakin kwamitin yana da sanyi kamar cikin randa, ga dogon tebur, ga makirfo a gaban kowa da ɗan jan haske. Ya zauna a ƙarshe, ya ja kujerarsa baya kaɗan daga na gabansa, don bai san har ina yake kai magana ba.

Kwamishina ya fara da cewa awaki ne suka cinye na tituna biyu. Wani ɗan kwamiti, Honarabul Babayo, wanda a zagayen farko ya fi kowa yabon aikin, ya tambaya ko awakin nan da shebur suke yawo, tunda har saiwa ba su bari ba. Aka yi dariya. Hammajoda ya lura da yadda Babayo ya juya da sauri haka, ya ƙara riƙe bakinsa. Kwamishina ya ce shi abin da Darakta ya rubuto masa shi ya karanta wa majalisa. Paul ya ce shi kuma da rahoton lambu ya yi aiki. Duk ɗakin ya juyo ya dubi ƙarshen tebur. Hammajoda ya ji abin da Sabitu ya faɗa yana zuwa, taku ɗaya bayan ɗaya.

Felicia ba ta tambaye shi wa ya sa shi ba, ba ta ambaci leda ba, ba ta ambaci hawainiya ba.

"Baba, itace nawa ka rena a bana?"

"Ɗari huɗu da goma sha biyu."

"Nawa suka rage?"

"Ɗari uku da saba'in da ɗaya. Suna Gwallameji. Jiya da yamma na ƙirga."

Ta juya ga Kwamishina ta tambaye shi ko ma'aikatarsa tana da wani lambun reno ban da wannan. Ya duba takardunsa, ya duba Paul, ya ce babu. Ta tambaya ko an sayo wasu daga waje. Ya ce sai ya bincika. Ta ce shi ya tsaya a zauren majalisa ya faɗi dubu da ɗari biyu, ba Darakta ba, ba mai lambu ba, don haka shi zai koma zauren ya faɗi adadin da yake gaskiya da bakinsa. Kwamiti ya rubuta haka, ya ƙara da cewa kada a taɓa itatuwan Gwallameji, kuma a cike ramukan sauran titunan da itatuwa kafin tsakiyar damina mai zuwa, za a zo dubawa ba tare da sanarwa ba. Babayo ya ce a rubuta har da cewa ba cin abinci.

Mako na gaba Kwamishina ya gyara maganarsa a zaure, cikin jimla biyu, da murya ƙasa-ƙasa. Yana nan a kujerarsa. Paul ma yana nan. Hammajoda ne ya samu takarda, mai cewa ya yi aiki ba da izini ba, an ɗauke shi daga lambun reno an mayar da shi ban ruwan titi a Gwallameji har ya yi ritaya. Sabitu ya ce ka gani, Baba, ai na faɗa maka. Ya ce kuma an ga Felicia da Kwamishina suna gaisawa da dariya a wajen wani ɗaurin aure. Hammajoda bai san yadda zai fassara wannan ba, har yanzu bai sani ba.

An yi ruwa biyu bayan dashen, na biyun mai ƙarfi. Mangwaro tara suka ƙara mutuwa, sauran suka tsaya. Kullum da safe yana bin layin da kurar ruwa da jarkoki, mai awara tana ba shi kujera in rana ta yi. Kafin ya zuba wa kowane itace ruwa yakan kama gindinsa ya ɗan ja kaɗan, ya ji ya tirje, don ya tabbata ba a zo an sauya masa shi a bayan idonsa ba.

Ranar da dogon madacin ya fitar da sabon ganye ja, ya duba reshen bai ga Tsohuwa ba. Ya neme ta a itace goma na dama da goma na hagu. Mai awara ta ce ta ga wata hawainiya tana tsallaka titi a hankali wajen azahar, masu keke suna kauce mata. Ya tambaya ko ta lura da wutsiyar. Ta ce wa ke duba wutsiyar hawainiya. Ya tsaya yana kallon ɗaya gefen titin na ɗan lokaci, sannan ya ɗauki jarka ya matsa ga itace na gaba.